Gashi Yakan Gyaru Ne Tun Yana da Danshi

Da zarar iskar hunturu ta sauko kwarin Rima a ƙarshen Nuwamba, hazo ya rufe fadamun shinkafa daga Augie har Argungu da Birnin Kebbi, sai jiki ya fara kai ƙara: leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, fata ta yi furu-furu. Akwai kuma wani kuka da ba a cika jinsa a fili ba saboda a ƙarƙashin ɗankwali yake, amma kowace makitsiya ta san shi. Mace za ta tsefe kanta ta wanke, gashin ya yi laushi yana nannaɗe gwanin sha'awa muddin yana jiƙe, amma kafin la'asar ya bushe ya tashi buzu-buzu, ya cukurkuɗe, mataji ya shiga ya fito cike da guntaye. Daga nan sai a yanke wa gashin hukunci: ai irin mai tauri ne, ba ya jin magana, sai an sa masa rilaza, ko a guga masa ƙarfe mai zafi, ko a lafta masa mai har ya riƙa naso a ƙeya. A ganina wannan hukunci bai yi wa gashin adalci ba, kuma mai gashin ce ke biyan kuɗin kuskuren. Kwanciyar gashi mai nannaɗewa ko hargitsewarsa a ɗan lokaci guda ake yanke ta, wato daga fitowa wanka zuwa bushewar kai. Abin da hannu ya yi wa gashin a wannan lokaci ya fi duk abin da za a sayo a kanti tasiri, kuma akasarin kayan da ake bukata suna nan a kasuwannin ƙauyukanmu.

Sai an san yadda sili ɗaya na gashi yake kafin a gane dalili. Cikin silin an gina shi ne da wani sinadari mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce, wajensa kuma yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi, duk suna fuskantar bakin gashin. Bakabe ba ya bukatar a gaya masa cewa in ka shafa kifi daga kai zuwa wutsiya sulɓi za ka ji, in ka juyo da hannu sai ɓawon ya miƙe ya yi kaushi. In ɓawon gashi ya kwanta, silin yana sheƙi, yana zamewa a jikin ɗan'uwansa, silai da yawa su haɗu su nannaɗe tare. In ya buɗe, kowane sili ya kama gabansa, ya sarƙe da na kusa da shi, shi ke nan buzu-buzu ya samu. Ruwa kuma ba a waje yake tsayawa ba. Gashi na iya shan ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, ya kumbura, ƙananan mahaɗan da ke riƙe da siffarsa su saki. Yayin da ruwan ke fita sai su sake ƙulluwa a duk yanayin da suka tarar da silin. Tun a 1783 wani masani ɗan birnin Janiba, Horace-Bénédict de Saussure, ya ƙera ma'aunin danshin iska da silin gashin mutum, domin gashi yana ƙara tsawo in iska ta yi danshi, ya ja baya in ta bushe. Saboda haka siffar da gashi ya bushe a cikinta ita zai riƙe har sai ruwa ko danshi ya sake taɓa shi. In ya bushe a jere zai zauna a jere, in ya bushe a watse babu man da zai tattaro shi.

Wannan doka ta shafi kowane irin gashi, amma ta fi tsananta a kan namu. A Kabi akwai gashi iri-iri, daga mai manyan nannaɗa da ake gani a wasu gidaje har zuwa mai ƙananan murɗa da ke komawa rabin tsawonsa in ya bushe, amma duk abu ɗaya ya haɗa su. Ramin da silin ke fitowa a fatar kai a lanƙwashe yake, silin kansa kuma a ɗan baje yake, yana murɗawa yana tafiya, kuma kowace murɗa wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a miƙaƙƙen gashi, amma a namu sai ya maƙale kusa da tushe, bakin gashin ya zauna a bushe. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, ita da abokan aikinta, sun buga wani bincike a 2000 bayan sun duba gashi a ƙarƙashin madubin likita: a gashin baƙar fata sun sami ƙulli a kashi 10 zuwa 16 cikin 100 na silan, alhali a sauran jinsuna bai kai ko kashi 1 ba, kuma da yawan abin da mataji ya kwaso karyewa ya yi, ba daga tushe ya fita ba. A 2001 wata mai bincike a Faransa, Geneviève Loussouarn, ta auna girman gashin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta sami ƙasa da santimita 1 a wata. Bai kai na Turawa sauri ba, amma a shekara ya isa a gani da ido. To matar da ke cewa shekara uku gashinta na wuri ɗaya, ba tsirowa ya daina ba. Abin da ya ƙaru a tushe shi ne ke karyewa a baki, kuma da yawan karyewar ranar wanke kai take aukuwa.

Yanayin ƙasarmu ya ƙara wa lamarin wani sarƙaƙiya, domin hargitsewar gashi iri biyu muke fama da ita, kowace da lokacinta. A tsakar ranar Janairu danshin iska a wannan yanki yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar tana zuƙe ruwan da ke cikin silin, ya yi ƙarau, ya ɗauki irin tartsatsin nan da ake ji in an taɓa ƙarfe ko an cire mayafin roba da dare, silai su riƙa ture juna. A Agusta kuwa, lokacin da gulbi ya cika ya malala fadama, danshin yakan haura kashi 70, busasshen gashi ya riƙa shan ruwa daga iska, wani wuri ya kumbura wani bai kumbura ba, duk siffar da aka ba shi da safe ta warware kafin azahar. Ciwon daban-daban ne amma maganin ɗaya ne: gashin da ya ƙoshi da ruwa, ɓawonsa a kwance, an rufe shi da ɗan maiƙo, bai cika sakin ruwansa ga hunturu ba, bai kuma cika haɗiyar na damina ba.

Aikin tun a wurin wanki yake farawa, kuma a nan kakanninmu sun riga kamfanoni. Karkashin da ake miya da shi, shi ne mata suka daɗe suna wanke kai da shi. A zuba garin busasshen ganyen cokali biyu ko uku a ruwan ɗumi, a bar shi minti goma ko sha biyar har ruwan ya yi yauƙi, in an ɗaga da yatsa yana jan zare, sannan a tace da tsumma mai laushi don kada tsakin ganyen ya maƙale a kai. In aka kwarara wannan ruwan a gashin da aka raba gida huɗu ko shida, yatsu za su riƙa ratsa ƙullin da a bushe sai an fizge. Irin wannan ganye ne matan Chadi ke kira ambunu, wanda yau ake ƙullawa a leda mai ado ana sayar wa mata a Amurka da Turai ta intanet. Sai dai a kula da abu ɗaya: kanwar da ake jefa wa miyar karkashi ba ta da gurbi a na wanke kai. Fatar kai da gashi sun fi son abu mai ɗan tsami-tsami, abu mai kanwa kuwa yana kumbura silin ya buɗe ɓawonsa. Wannan gargaɗi ya shafi sabulun salo, wanda da toka ake yinsa, ya shafi sabulun wanki, balle omo da wasu ke sa wa kan yara. Sabulun salo yana fitar da datti sosai, ban ce a jefar da shi ba, amma a narkar da kaɗan a ruwa, a wanke fatar kai da shi, a bar kumfar ta gangara kan gashin ba tare da cuɗawa ba, a ɗauraye da ruwan da aka ɗan jiƙa tsamiya a ciki, tsamin da harshe zai ji da ƙyar. Taza kuma yanzu ne lokacinta, gashi na jiƙe yana sulɓi da karkashi ko man laushi na kanti. Gaskiya ne jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe rauni, shi ya sa ake hana masu miƙaƙƙen gashi taje shi a jiƙe, amma mai nannaɗewa ruwa yana sassauta murɗarsa har mataji ya wuce da ƙarfi kaɗan. A fara da yatsu, a bi da mataji mai manyan haƙora, daga baki a hau zuwa tushe. Daga nan a ajiye matajin, aikinsa ya ƙare sai wani wankin.

Sai tawul, wanda nake ganin ya fi kowane abu a gida ɓata gashi ba tare da an zarge shi ba. An saba a ɗora shi a ka a yi ta gurzawa gaba da baya don a gaggauta, kuma wannan gurzar ita ce ke tayar da ɓawon da aka kwantar, ta wargaza silan da ruwa ya jera, ta ƙulla sababbin ƙulle-ƙulle a daidai lokacin da gashin ya fi rauni. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki, ko tsohuwar rigar auduga mai laushi, ya fi. A kama gashin ɓangare-ɓangare a cikin tsumman, a matse a hankali, a saki, a koma gaba, har ruwa ya daina ɗiga. Yanzu ne mai ke da amfani, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Mai ba ya ba gashi ruwa. Abin da yake yi shi ne tsare ruwan da ya tarar. In aka shafa man kaɗanya a busasshen gashi, an rufe ƙofa ne bayan ruwan ya fita, gashin ya yi nauyi, ya yi maiƙo, amma yana nan da taurinsa. A shafa shi da sauran danshi: a ɗebo kamar girman ƙwayar gyaɗa ga kowane ɓangare, a murza a tafin hannu har ya narke, a shafa daga tsakiyar gashin zuwa baki, kullum hannu na gangarawa ƙasa. Man kwakwa yana da wata fa'ida ta daban. Wani bincike da aka buga a 2003 a Indiya ya nuna yana ratsa cikin silin ya rage zubar sinadarin gashi yayin wanki, abin da man da ake samu daga fetur bai yi ba. Masu binciken a kamfani mai sayar da man kwakwa suke aiki, ya kamata mai karatu ya san haka, amma dalilin da suka bayar yana da ƙarfi, kuma shafa shi da daddare kafin ranar wanki ba ya cutarwa. Yawan mai dai a hunturu gayyatar ƙura ne, kuma cika fatar kai da shi yana iya ƙara amosani, tun da ƙwayar da ke haddasa amosanin maiƙo take ci.

Mataki na gaba shi ne zuciyar maganar: a ba gashin siffa kafin ya bushe, sannan a ƙyale shi. Wadda ke son ya fito da nannaɗarsa sai ta yi manyan kalaba shida ko takwas, ko ta murɗa shi bibbiyu, sako-sako a tushe, ta naɗe bakin kowanne a yatsa da ɗan ɗigon mai. Wadda ke son ya miƙe ya nuna tsawonsa ba tare da wuta ba, ga kitson zare: a kama ɓangare, a naɗa zare daga kusa da tushe zuwa baki ana barin ɗan tsakani don iska ta shiga, a kwana da shi, da safe a warware. Duka biyun aiki ɗaya suke yi, suna riƙe silan a jere yayin da mahaɗan nan ke sake ƙulluwa. Abin da ke da wuya shi ne haƙuri. Duk taɓawar da aka yi wa gashi yana tsakiyar bushewa tana raba silan da suka fara haɗuwa, kuma kalabar da aka tsefe cikinta da sauran sanyi-sanyi, cikin sa'a ɗaya za ta kumbura ta koma gidan jiya. A matsa tsakiyar kalaba mafi kauri da yatsa biyu. In an ji sanyi, ba ta bushe ba. In ta bushe, a shafa ɗan mai a yatsu a warware a hankali, kada mataji ya kusance ta.

Mai hankali za ta ce duk wannan maganar mai lokaci ce. Matar aure tana jiƙa kanta ba sau ɗaya a mako ba saboda wankan ibada, tana da girki, tana da yara, baƙi na sallama, dole ta ɗaura ɗankwali ta zura hijabi ko kan ya bushe ko bai bushe ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ne ya bambanta halinmu da na matan da ake rubuta shawarwarin gyaran gashi dominsu a ƙasashen waje. Addini dai ya sauƙaƙa: hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna ba sai mace ta tsefe kitsonta don wankan janaba ba, haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta tafi a kai, matuƙar ruwa zai kai ga fatar kai. Kitson da aka ɗaure tamau har ya hana ruwa shiga hukuncinsa daban, a tambayi malamai. Saboda haka cikakken wanki da taza na mako ɗaya ne ko biyu, sauran ranaku jiƙa kitso ne kawai, kuma abin da yake bukata shi ne a matse shi da tsumma a bar kan a buɗe a cikin ɗaki ko tsakar gida gwargwadon iko. A hunturu da bazara iskarmu kan gama aikin da wuri. A damina ne ake shan wahala, kuma rufe jiƙaƙƙen kai da ɗankwali da hula da hijabi yini guda shi ne ke kawo warin nan da ƙaiƙayi da turare ba ya ɓoyewa. In fita ta zama dole, siririn kallabin auduga da aka ɗaura sako-sako ya fi na roba, a kuma kwance shi da an dawo.

A nan ne diraya ke da halin shigowa, kuma ba na cikin masu tsine mata gaba ɗaya. A 2011 masu bincike a Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu sun gwada busar da gashi ta hanyoyi daban-daban. Da aka riƙe dirayar a nisan santimita 5, zafin ya kai digiri 95, ɓawon gashin ya farfashe. A nisan santimita 15, ana motsa ta ba tsayawa, zafin ya tsaya a digiri 47, ɓarnar kaɗan ce. Abin mamakin shi ne gashin da aka bari ya daɗe a jiƙe har ya bushe da kansa ya sami wata illa a cikinsa, a ƙullin da ke haɗa ƙwayoyin silin. A Koriya aka yi gwajin, ba a kan irin gashinmu ba, don haka kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma ya isa ya nuna cewa daɗewa a jiƙe ba alheri ba ne. Wadda ke da diraya kuma aka yi sa'ar wuta, ta bari kalabar ta sha iska tukuna, sannan ta ƙarasa da iska mai ɗumi-ɗumi, daga nesa kamar tsawon tafin hannu, tana bi daga tushe zuwa baki, gashin na cikin kalabarsa ba a sake ba. Abin da babu uzuri a kansa shi ne ɗora ƙarfen miƙar da gashi a kan gashi mai danshi. Ƙarfen yakan kai digiri 200, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Ƙarar nan da tururin da ake gani a shago ruwan cikin silin ne ke tafasa yana huda shi, kuma silin da ya hudu ba ya komawa.

Wata kuma za ta ce ai rilaza ta raba gardama: a sa sau ɗaya a huta da taza wata biyu. Ba a musun sauƙin, kuma ba laifi ba ne mace ta so miƙaƙƙen gashi. Amma a san me ake saye. Yawancin rilaza da sinadarin soda mai ƙuna ko danginsa ake yi, aikinsa shi ne karya manyan mahaɗan da ke ba silin ƙarfi, karyewar da ba ta gyaruwa. Gashin ya miƙe ne saboda ya raunana, kuma inda sabon tsiro ya haɗu da tsohon da aka miƙar nan ne yake tsinkewa. Ƙunar fatar kai da ɓawon da ke biyo baya kowa ya san su. A 2022 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11: waɗanda ke amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara an ƙiyasta kashi 4.05 cikin 100 nasu za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70, waɗanda ba sa amfani da su kuwa kashi 1.64. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba, kuma cutar ba mai yawa ba ce. Duk da haka, babbar mace tana iya auna wannan ta zaɓa wa kanta. Yarinya 'yar shekara shida da ake shafa wa don kitson sallah ba ta zaɓi komai ba.

Kada kuma a ɗauka duk abin da muka gada daidai ne, don akwai inda al'adar ke cin gashi fiye da kowane sinadari. An ɗauka kyan shuku ko zanen yawo shi ne a ja shi har gira ta ɗaga, a kamo 'yan ƙananan gashin gaban goshi a cusa su ciki don kada ko sili ɗaya ya tashi. Ita dai Khumalo ɗin nan ta sake bincike a Cape Town a 2007, ta sami zubewar gashi ta dalilin ja a kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata da kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma haɗarin ya fi yawa inda aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaza. Wanda ya san gidajen biki a Argungu ko Birnin Kebbi ya san gaban goshin da ya ja baya ba baƙon abu ba ne a nan ma. Da farko gashin yana dawowa in an sassauta, amma in aka yi shekaru ana ja, tushen ya mutu, babu man kaɗanya ko na kanti da zai tayar da shi. Jiƙaƙƙen gashi kuma yana miƙewa fiye da busasshe, saboda haka ƙananan kitso da aka ja a jiƙe yana ƙara tsukewa yayin da yake bushewa. Manyan kalaba sako-sako ne na gashi mai danshi. Kitson da zai kwana biyu a ka sai gashin ya bushe a miƙe, kuma a lokacin ba ya bukatar ja kafin ya kwanta.

Shawarwarin da 'yan mata ke gani a waya ba ƙarya ba ne, da yawansu daga littafin Curly Girl na Lorraine Massey suka samo asali, wanda ya fito a Amurka a 2001, kuma ginshiƙansa, wato rage sabulu mai ƙarfi, barin gurza da tawul, da ƙyale gashi ya bushe ba a taɓa ba, sun yi daidai da abin da aka faɗa a nan. Sai dai an tsara su ne don kan da ke yini a buɗe a ƙasa mai wani yanayi. Man da aka cika wa gilisarin, alal misali, yana jawo danshi daga iska, a iskar Janairu ta Augie kuwa babu danshin da zai jawo, don haka shi kaɗai ba ya tsare gashi sai an bi shi da maiƙo. Su kuma kwalaben masu tsada, in aka karanta bayansu sau da yawa man kaɗanya ne a sahun gaba, kaɗanyar da Najeriya ke cikin manyan masu samar da ita a duniya, har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallonta na wata 6 a Agustan 2025 don a riƙa sarrafa shi a gida. Abu ɗaya da ya cancanci a ara daga waje shi ne hula mai sulɓi, ta satin ko siliki, a ƙarƙashin ɗankwali da lokacin barci, domin auduga tana shanye mai tana kuma gogar gashi dare da rana. Tela na iya ɗinka ta da ragowar yadi, amma sai kai ya bushe sarai ake sa ta.

Akwai abin da duk wannan kulawa ba ta magani. Yaron da gashinsa ke gutsurewa wuri-wuri, fatar ta yi fari tana ɓarɓashi, makero ne, mataji da aska da hula suna yaɗa shi, kuma maganin sha na makonni yake bukata daga likita, shafe-shafe ba su isa ba. Haka macen da tsakiyar kanta ke ƙwaƙulewa tana jin zafi ko ƙaiƙayi, ta je asibiti da wuri, ko babban asibitin Argungu ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, tun tushen gashin na da rai. Makitsa kuma, ku wanke mataji da kibiya tsakanin kai da kai, ku bar gashin gaban goshi ya huta. Iyaye mata, in aka gama wa yarinya kitso kuka ga ƙananan ƙuraje sun fito a bakin tsaga, ko ta kasa ɗora kanta a matashi da dare saboda zafi, kada ku ce zai saki zuwa jibi. Ku tsefe shi a daren, ko nawa aka biya.